Yadda ake shimfiɗa daben katako a bayan akori-kura

Idan ƙarfen bayan akori-kura ya ruɓe har ana hango taya ta huji, abin da ke fara zuwa wa mai mota a rai shi ne ya kira mai walda a yi faci. Faci kan faci, kafin shekara ta zagayo tsatsa ta sake ɓullowa ta gefen ɗinkin. Ni dai na fi son a cire ruɓaɓɓen gaba ɗaya a shimfiɗa katako. Ba ya kwaramniya kamar ƙarfe, ba ya ɗaukar zafin rana ya ƙona kaya, in kuma falanki ɗaya ya karye, shi kaɗai za ka canza.

Kada wani ya ce maka aikin rashin kuɗi ne. Kamfanin Morgan da ke garin Malvern a Ingila har gobe da katakon wani itace mai suna ash yake haɗa firam ɗin da bodin motocinsa ke zama a kai. Corvette ɗin da Chevrolet ya fitar a 1997, motar gudu ce, amma akwai katakon balsa, wani itace marar nauyi, a cikin dabenta. Akori-kura da yawa na Ford da Chevrolet na shekarun 1950 kuwa da daben katako suke fitowa daga masana'anta, kuma tsarinsu ne zan koya maka a nan, don ban ga wanda ya fi shi ba.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin ka taɓa zarto: katako ba ya daina motsi. Ya sha danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke. A tsawonsa kusan ba ya canzawa, a faɗi ne yake wasa. Duk lokacin da danshin cikinsa ya ƙaru da kashi 4 cikin 100, faɗinsa kan ƙaru da wajen kashi 1 cikin 100. Falanki mai faɗin santimita 15 yana iya ƙara milimita 3 tsakanin rani da damina. Ka jera guda tara manne da juna, ka ga an doshi santimita 3 da ba su da wurin zuwa. Aikina na farko haka na yi shi, na matse falankan tsam ko allura ba ta shiga, ina ta jin daɗin kyansa. Ruwan sama na uku, tsakiyar daben ya taso kamar tozon raƙumi, bol biyu suka tsinke. Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta riƙe katako gam ba tare da an hana shi wannan motsin ba.

Kayan aiki

- Tef ɗin awo, sikwaya, fensir da kwali mai kauri
- Zarto, na hannu ko na lantarki
- Diril da bakin huda ƙarfe da na katako, milimita 9 da 10
- Sifana biyu, guduma, kurfi da fayil ƙarami
- Injin gurza ƙarfe da burushin waya
- Samfefa mai kaushi da mai laushi
- Ƙarfen matsa katako, aƙalla biyu
- Tabarau na kare ido, safar hannu da takunkumi

Kayan da za su shiga motar

- Falankan katako busassu, kauri milimita 25, faɗi santimita 12 zuwa 16
- Filat-ba, wato siririn ƙarfe mai faɗin milimita 40 da kaurin milimita 3
- Ƙarfen kwana na gefe
- Bol mai kaurin milimita 8, da noti da washa, waɗanda aka yi wa rufin hana tsatsa
- Roba, ko da tsohon tib ne
- Fentin hana tsatsa, fentin kwalta, man linsid dafaffe (man da ake shafa wa katako) da tina (ruwan tsinka fenti)

1. Zaɓen katako

A nan ake cin riba ko a yi asara, don haka kada ka aiki yaro. Kana neman katako mai tauri wanda ruwa ba ya saurin ruɓar da shi. Katakon iroko da na tik (teak) suna jure ruwa da ƙwari sosai. Keruwin, wanda ake sarowa daga kudu maso gabashin Asiya, shi ake yawan shimfiɗawa a daben tirela saboda juriyarsa. Katakon farin ok (oak) ma yana da kyau, sai dai yana da wani sinadari da ke cin baƙin ƙarfe, za ka ga wurin bol ya yi baƙi ƙirin, shi ya sa dole bol ɗinka ya zama mai rufi ko wanda ba ya tsatsa. Katakon fain (pine) ba shi da nauyi kuma yana da sauƙin aiki, amma in za ka sa shi ka ƙara kauri zuwa milimita 30 ko 35.

Za ka ce ina ash ɗin da Morgan ke amfani da shi? Ash yana da ƙarfi, yana tanƙwaruwa, yana shanye girgiza, shi ya sa ya dace da firam. Amma ba ya shiri da ruwa. Motar Morris Minor Traveller da aka yi tsakanin 1953 da 1971 da ash aka haɗa bayanta, kuma masu gyaranta sun san daga mahaɗar da ruwa ke kwanciya take fara ruɓewa. Dabe kuwa kullum cikin ruwa da laka yake, don haka ka bar ash.

Ka ɗaga kowane falanki ka sa ido ɗaya ka hango shi daga wannan baki zuwa wancan. Wanda ya ɗan lanƙwasa a tsawo, bol zai miƙar da shi. Wanda ya murɗe kamar igiya, ajiye musu kayansu. Ka guji mai babban ƙulli a gefe, da mai tsaga a baki, da mai ƙananan hujin ƙwari, da kuma farin ɓangaren nan na kusa da ɓawo, don shi ne abincin ƙwari ko a itacen da ya fi kowane tauri.

2. Tabbatar da ya bushe

Mai katako zai rantse maka ya bushe. Kada ka yi musu da shi, kai dai ka gwada. Idan kana da na'urar auna danshi, kana neman kashi 12 zuwa 15 cikin 100. Idan babu, yanko guntu daga falanki ɗaya ka ɗora a sikeli, ka rubuta nauyinsa a jikinsa, ka sake aunawa duk mako. Ranar da nauyin ya daina raguwa, katakon ya daidaita da iskar wurin.

Kafin nan ka jera falankan a inuwa, sama da ƙasa, da 'yan sanduna masu kauri ɗaya a tsakaninsu kowane santimita 40 ko 50 don iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a sama. Kada ka shanya su a rana don neman sauri. Waje zai bushe ciki na jiƙe, su tsattsage. Ɗanyen katako mai tauri yana iya cin watanni, don haka in motar ba za ta iya jira ba, gara ka nemi wanda aka busar a tanderu.

3. Cire tsohon dabe da duba abin da ke ƙasa

Ka cire kan batir kafin komai. Sannan ka kwanta ƙarƙashin motar da tocila ka ga inda tankin mai yake, da bututun mai, da bututun birki, da wayoyin fitilun baya. Ka zana wurarensu da alli a saman tsohon daben. Lokacin yankan ƙarfen, tartsatsin injin gurza ba ya tambayar hanya, don haka ko dai a sauke tankin, ko a ɗage bodin gaba ɗaya daga kan casis, wato ƙashin ƙarfen da motar ke zaune a kai, a yi aikin a gefe. Na fi son na biyun.

Idan dabe ya tashi za ka ga ƙarafan giciye, waɗanda suka ratsa daga hagu zuwa dama. Su ne ke ɗaukar kaya, katako shimfiɗa ce kawai a kansu. Ka bubbuga kowanne da guduma. Lafiyayye yana ƙara rau, ruɓaɓɓe yana amsawa dum, yana zubar da ɓawon tsatsa. Wanda ya ruɓe a canza shi. Tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce santimita 40 ga falanki mai kaurin milimita 25. In ta wuce, mai walda ya ƙara wani a tsakani. Ka tabbata akwai ƙarfe a ƙarƙashin bakin falankan, gaba da baya, don bakin da ke lilo a iska shi ke fara karyewa in an jefa kaya.

Gargaɗi: kada ka huda casis, kada kuma ka bari a yi masa walda don neman wurin ɗaure katako. Ka yi amfani da hujin da masana'anta ta yi. Katako kuma ba ya maye gurbin casis ko ƙarfen giciye, komai kaurinsa.

Ka goge ƙarafan tas da burushin waya, ka shafa fentin hana tsatsa sau biyu. Duk wata walda a gama ta yanzu, don da zarar katako ya hau, wuta ta haramta a wurin.

4. Awo da lissafi

Ka auna faɗin bodin a wuri uku, gaba da tsakiya da baya, sannan ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu. Tsohuwar mota ba kasafai take zama daidai ba. In awon ya bambanta, yi aiki da mafi ƙanƙanta.

Ga yadda tsarin yake. Ba za ka huda falankan ba. Za ka bar tazara tsakanin kowane biyu, ka ɗora filat-ba a kan tazarar ya danne gefen wannan da na wancan, bol ya bi ta cikin filat-ba, ya ratsa tazarar, ya shiga ƙarfen giciye. Ka ga falanki yana danne amma yana da wurin miƙa ƙafa, kuma babu hujin da ruwa zai bi ya shiga cikinsa.

Tunda bol ɗin milimita 8 ne, tazarar ta zama milimita 13. A ce faɗin bodinka santimita 150 ne, kana son falanki 9. Tazara 8 ke nan, sun cinye santimita 10.4. Ka bar milimita 3 a kowane gefe, ya zama 11. Saura 139, ka raba 9, kowane falanki ya tashi a kusan santimita 15.4. A tsawo kuma ka rage milimita 5 don kada baki ya manne da ƙarfe ya riƙe ruwa.

Ka yi lissafin nauyi ma. Daben da ya kai santimita 220 a tsawo, da katako mai tauri zai kai wajen kilo 54, filat-ba ɗin su ƙara kusan 17. Wannan kilo 70 ɗin daga cikin abin da motar ke iya ɗauka yake fita, shi ya sa ba na son a zuba kaurin banza.

5. Yanka da gwaji

Yanke falankan, ka goge su da samfefa, ka ɗan kashe kaifin gefunansu. Ka sa takunkumi, ƙurar iroko musamman tana sa tari da ƙaiƙayin fata. Inda gidan taya ya shigo cikin bodi, kada ka yi awo da ido. Yanka kwali har ya zauna daram, sannan ka zana shi a kan falankin, ka bar milimita 3 na sarari.

Ka duba bakin kowane falanki. Kusan dukansu suna da ɗan ƙusumbi a faɗi, ko da kaɗan ne. Ƙusumbin ya kalli sama, don ruwa ya gangara. In ka juya shi, ka yi wa ruwa kwano.

Yanzu jera su duka a cikin motar ba tare da bol ba, daga na tsakiya zuwa gefe, da guntayen katako masu kaurin milimita 13 a tsakani. Idan komai ya zauna, rubuta lamba a ƙarƙashin kowanne, 1 zuwa 9, da kibiya mai nuna gaba. Za ka gode wa kanka gobe.

Filat-ba yana iya zama a saman katako haka nan, kaya su riƙa zamewa a kan ƙarfe, katakon ya huta. Idan kuwa kana son dabe sumul, sai ka rarake gefen kowane falanki, zurfin milimita 3, faɗin milimita 16, don ƙarfen ya nutse ya kuma bar sarari. Mai ɗaukar buhuna da duro bai buƙatar wannan wahalar. Mai ɗaukar yashi da shebur zai so ta.

6. Huda ƙarfe

Ɗora filat-ba a wurarensu, ka sa alama a duk inda suka haye ƙarfen giciye. Ka sauke su ka huda a ƙasa da bakin milimita 9, ka mayar, sannan ka bi hujin ka huda ƙarafan giciyen. Kafin kowane huji ka leƙa ƙasa. Ka naɗa salatif a bakin diril daidai zurfin da kake so, ka kuma tura guntun katako tsakanin ƙarfen da tanki. Na taɓa jin bakin diril ya faɗa ya daki wani abu ƙwal, da na leƙa sai ga tabo a saman tanki, saura ƙiris. Tun ranar ban sake huda ba tare da wannan guntun katakon ba.

Bol ɗin da ya fi dacewa shi ne mai kai kamar hula, wanda wuyansa ke da kusurwa huɗu. Kansa ba ya kama buhu ya yaga. Sai dai dole ka gyara hujin filat-ba da fayil ya zama mai kusurwa huɗu, don wuyan ya zauna ya hana shi juyawa. Aiki ne mai cin rai, huji wajen hamsin. In ba za ka iya ba, nemi bol mai kan da ke nutsewa cikin ƙarfe, ka buɗe bakin hujin kaɗan. Bayan huda, kowane huji ya sha fenti, filat-ba ɗin ma ciki da waje.

7. Shafa mai kafin ɗaurawa

Kuskuren da na fi gani shi ne a gama ɗaure dabe sannan a shafe samansa, ya yi ƙyalli, a tafi. To ai ba ta sama ruɓewa ke zuwa ba. Ta ƙasa take zuwa, inda taya ke watsa ruwa da laka, da kuma ta baki. Bakin falanki tamkar damin tsinken shan lemo ne, yana zuƙar ruwa ninkin-ba-ninkin fiye da fuskarsa.

Sauke falankan, ka shafe dukkan fuskoki shida. Shafin farko ka haɗa man linsid da tina rabi da rabi don ya ratsa ciki. Ka bar shi minti 20, ka goge ragowar da tsumma, ka jira kwana guda. Na biyu da na uku ka rage tina. Baki kuwa ka yi ta ba shi har ya daina sha, in ya bushe ka toshe shi da fentin kwalta. Ƙasan falankan ma ya samu fentin kwalta.

Tsumman da ya sha man linsid kada ka dunƙule shi ka jefa a kwana. Yana yin zafi da kansa har ya kama wuta, ba tare da ashana ba. Ka baza shi a fili ya bushe, ko ka tsoma shi a bokitin ruwa.

Ban ba ka shawarar banish mai ƙyalli ba, sai in motar ta kwalliya ce. Kaya na farko zai karce shi, ruwa ya shiga ta karcen ya kasa fita. Baƙin mai kuma, na san da yawa shi suke shafawa. Yana korar ruwa, ba ƙarya, amma yana sa santsi, yana ɓata kaya, kuma yana ɗauke da dattin inji mai cutarwa. Motar da za ta ɗauki abinci ko dabbobi kada ya kusance ta. In linsid ya gagara, fentin mai na waje ya fi shi.

8. Ɗaurawa

Yanka roba daidai faɗin kowane ƙarfen giciye ka shimfiɗa a kai, ka huda ta a wurin bol. Tana hana ƙugi, tana kuma raba katako da ƙarfe. Wannan ya zama tilas idan katakonka irin wanda aka yi wa maganin ƙwari ne mai launin kore-kore, don maganin yana da tagulla a ciki, kuma yana cin ƙarfe da alminiyam.

Jera falankan bisa lambobinsu. Sa dukkan bol ɗin, ka ɗaura noti da hannu kawai, kada ka matse ko ɗaya tukuna. Sai komai ya shiga, ka daidaita tazara, sannan ka fara matsewa daga tsakiya zuwa gefe. Ka matse har filat-ba ya kama katako, ka ƙara rabin juyi, ka tsaya. In ka ga ƙarfen ya fara lotsawa a wurin bol, ka wuce gona da iri. Girgiza tana kwance noti, don haka ka sa mai roba a ciki, ko ka ɗaura biyu-biyu. Falankan gefe kuma ƙarfen kwana zai danne su, wanda aka ɗaure a jikin bodi.

Idan ba ka samu filat-ba ba, ka huda falankan kai tsaye, bol biyu a kowace mahaɗa. Hujin katakon ya zama milimita 10 don ya fi bol ɗin faɗi, a ɗiga mai a cikinsa, tazara tsakanin falanki kuma milimita 4 ko 5. Idan falankin ne babu, akwai filawud mai baƙin rufi da ake shimfiɗawa a motocin kaya, kauri milimita 18 zuwa 21. Ba ya kumbura a faɗi kamar falanki, amma duk inda ka yanka ko ka huda sai ka toshe da fenti, in ba haka ba zai ɓare kamar albasa. Kusa kuwa kada ma ka fara, girgiza za ta zaro ta cikin wata guda.

9. Salansa da ƙugiyar ɗaure kaya

Leƙa ƙasa ka ga inda salansa ta fi kusa da katako. Idan tazarar ba ta kai santimita 10 ba, ɗaura fallen alminiyam a tsakani, ka bar sararin yatsa guda tsakaninsa da katakon. Fallen da ya manne da katako zafin kawai zai miƙa masa. Ƙugiyoyin ɗaure kaya kuma bol ɗinsu ya ratsa har cikin ƙarfen giciye. Wadda aka ɗaure a katako kaɗai za ta tumɓuke ranar da aka taka birki da ƙarfi, ranar da aka fi buƙatarta.

10. Makonnin farko

Katako zai zauna, roba za ta lotsa, noti za su yi sako-sako. Bayan mako guda na aiki ka shiga ƙasa da sifana ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka sake bayan wata guda, daga nan kuma duk lokacin da yanayi ya juya daga damina zuwa rani. Kada ka bar tabarmar roba a kan daben dindindin, danshi take ɓoyewa. In ka ɗauki taki ko gishiri ko siminti, ka wanke a ranar, ka ajiye motar hancinta sama kaɗan don ruwan ya fita ta baya.

Don sanin lokacin sake shafa mai, ɗiga ruwa a kan falankin da ya fi shan rana. In ya tsaya ƙwallo-ƙwallo, da sauran lokaci. In ya nutse ya bar duhu, wanke daben, bar shi kwana biyu ya bushe, ka ba shi shafi ɗaya, ka fi ba da ƙarfi a bakin baya wajen ƙofa.